Haƙarƙari Na Sha Bakwai

Ruwan da aka yi ran Talata bai kai awa biyu ba, amma sai da ya shiga kowane shago a layin. Ba wani yawa gare shi ba, hanya ya rasa. Kwatar da ta bi ta gaban shagunan ta toshe tun daga bakin gada, ruwa ya zo ya tarar babu wurin wucewa, ya juyo ya haye dakali ya faɗa wa mutane. Mai Burodi ya yi asarar fulawa buhu tara. Tela kuwa yini ya yi yana shanya yadin mutane a kan igiya, yana ba masu shi haƙuri tun ba su zo ba.

Washegari maza suka naɗe ƙafar wando suka shiga kwata da shebur da manjagara. Me suka fito da shi? Leda. Baƙa, fara, mai ratsin shuɗi, mai hannu da marar hannu, aka yi ta tulawa a bakin titi har tulin ya kai ƙirjin mutum. Auta tana tsaye a ƙofar shagonta tana kallo, kuma babu wadda ba ta gane ba, don kuwa shekara goma sha tara ke nan ita ke sayar wa 'yan kasuwar layin leda. Mai Leda ake ce mata a waje. Auta sunan gida ne, mahaifinta kaɗai ya rage mai kiranta da shi, shi ma ɗin sai ranar da ya tuna.

Ba wanda ya ɗora mata laifi a fili. Da ma zaginta aka yi, da ya fi mata sauƙi. Sai kowa ya wuce ya ce, "Sannu, Mai Leda, ya muka ji da ruwa?" ya kau da kai.

Ran Asabar masu shaguna suka taru a gaban gidan burodi. Aka yi ta surutu, kowa ya zama malami, daga ƙarshe dai aka tsayar da magana uku. Mai sayen man girki ya zo da kwalbarsa. Ɓawo da ruɓaɓɓen kayan miya a tara wa masu lambu, a daina watsawa a kwata. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi: ba sauran leda a layin. Kowane shago zai rataye kwanduna a ƙofa, mai saye ya ɗauka ya kai kayansa gida, gobe in zai dawo ya dawo da shi. Aka ƙirga shaguna, aka ce kwando sittin zai isa a fara.

Da taro ya watse sai ga Mai Burodi a shagonta, yana ta murza hularsa a hannu. Kawu take ce masa, don shekara ɗaya suka buɗe shago a layin shi da mahaifinta.

Ya ce, "'Yata, kin ji abin da aka yanke. Ba don a kashe miki sana'a ba ne."

Ta ce, "Na ji, Kawu. Hannuna na ɗaga na yarda, ai ka gani."

"Na gani. To kwandunan nan fa, ba ma so mu je wani wuri. Gidanku ne gidan kwando. Yaya jikin Baba?"

Auta ta waiwaya ta dubi ƙuryar shago. Shagon nan da take tsaye a ciki, na mahaifinta ne tun asali. Mai Kwando, haka duk unguwa ta san shi. Kwandonsa na kaba ne, a loda masa dankali har baki a ɗaga da hannu ɗaya, ba ya ko motsi. Yana da tsarin aikinsa da ba ya saɓawa. Da sassafe zai shige ƙuryar shago ya saki labule, shi kaɗai da bokitin jiƙaƙƙiyar kaba. Can an jima ya fito da gindin kwando goma ko sha biyu a jere a hannu, kowanne kamar faifai, haƙarƙarinsa sun miƙe ta kowane gefe. Haƙarƙari yake kiran silin kaba masu kauri da ake saƙa a kansu. Sai ya miƙa wa 'ya'yansa biyu, Yaya da Auta, su tayar da jiki, su naɗe baki, su sa hannu.

Jiki da baki da hannu, Auta ko idonta a rufe za ta yi. Gindi ne ba ta taɓa yi ba, ba ta ma taɓa ganin an yi ba. In ta tambaya sai ya kama tafin hannunta ya juya, ya danna, kamar mai duba gwanda, ya ce, "Bai nuna ba tukuna." Ba rowa ba ce. Haka wanda ya koya masa ya yi masa, sai da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tayar da jiki kafin a ɗaga masa labule. Yaya ya gaji da jira ya tafi tuƙin babbar mota. Ita kuma tana cikin jiran ne leda ta shigo gari, kyauta ake ba ka, ka yar in ka gama. Kwanduna suka yi ta rataye har gizo-gizo ya yi gida a ciki.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Auta ta karɓi shagon ta zuba leda. Ba laifinta ba ne, abinci ake nema. Amma akwai abu ɗaya da har yau ba ta son tunawa: sauran kwandunan da suka tare mata wuri, ita ta kwashe su ta kai wa Kawu ya hura wutar burodi da su. Baba yana zaune a benci yana kallo aka wuce da su. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ranar da ledar ta shaƙe su, za su dawo nemana." Ya yi shekaru yana zama a bencin nan yana jira, ana yi masa dariya, ana ce masa, "Mai Kwando, sun dawo kuwa?" Ga shi yau sun dawo, har da hula a hannu, shi kuma hankalinsa ya yi nisa shekara uku ke nan.

Ta ce, "Kawu, a ba ni wata biyu."

Ya ce, "An ba ki. Amma kin san halin mutanenmu. In suka gaji da rungumar tumatir a ƙirji, gobe za ki ga leda ta dawo ta bayan gida."

Ta sani. Kuma ba wata biyun Kawu ke damunta ba, na Baba ne. Kullum ƙara rama yake yi. Abin da ke cikin kansa, in bai fito yanzu ba, da shi za a binne.

Ta fara gwadawa da kanta. Ta sayo kaba, ta jiƙa, ta jera sili huɗu ta gicciya huɗu a kai, yadda hankali ya ba ta, haƙarƙari sha shida suka fito. Ta kama saƙa: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ƙa'idar ita ce in ka zagayo, haƙarƙarin da ka bi ta samansa ɗazu yanzu ka bi ta ƙasansa, a nan saƙa ke kama juna. Nata kuwa duk zagayen da ta yi sai ta sake faɗawa inda ta bi. Abin ya fito kamar kwando, amma da mai kayan miya ta zuba masa albasa ta ɗaga, gindin ya wangale, albasa ta bi titi, yara na tsinta ana shewa. Mai kayan miya ta ce, "Mai Leda, wannan kwando ne ko rariya?" Auta ta yi dariya tare da su, ta koma ƙurya ta share hawaye.

Ta kira Yaya a waya. Ƙarar mota ta cika mata kunne.

"Yaya, kai ba ka taɓa leƙa labulen nan ba?"

"Na leƙa sau ɗaya, na sha ranƙwashi. Bayansa kawai na gani. Ke, ki rabu da wahalar nan mana, ki sayo na roba ki ba su."

"Robar ce ta kai mu inda muke."

"To Allah ya ba da sa'a. Ki gaishe da Baba, in ya gane ni."

Saura Baba. Yana ɗakin bayan shago, inda take kwana da shi tun rasuwar Inna. Ita ke yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta ba shi abinci a baki. Duk ran Lahadi kuma ta yanke masa farce, saboda wata ma'aikaciyar asibiti ta ce kada a bari ya taru, yana sosa ƙwaurinsa har jini. Yatsu tara ba ya gardama. Babban yatsan dama ne ake daga a kansa: sai ya lanƙwashe shi cikin tafin hannu ya damƙe, ita kuma ta yi ta ɓamɓara tana cewa, "Haba Baba, sai ka ce yaron goye! Kawo nan." Tun tana ƙarama ta san shi da dogon farce a yatsan nan, mai kauri, rawaya. Inna ma ta sha yi masa tsiya a kai, tana cewa da shi za a haƙa rijiya. Auta ta ɗauka ɗabi'a ce kawai irin ta tsofaffi.

Da hantsi ta fito da shi inuwa, ta ɗora masa jiƙaƙƙiyar kaba a cinya. Ta durƙusa ta ce, "Baba, sun dawo. Mutanen layi sun dawo nemanka. Kwando sittin suke so."

Ya dube ta kamar baƙuwa. Amma hannuwan, Allah mai iko, hannuwan ba su manta ba. Suka shafa kabar, suka zaɓi takwas, suka jera huɗu suka gicciya huɗu, daidai yadda ta yi. Auta ta ƙi ko ƙifta ido. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan sili ɗaya ya danna. Ya sake dannawa. Ya danna na uku. Daga nan ya ɗago yatsan ya kai mata dab da fuska.

Ya ce, "An ɗauke."

"Me aka ɗauke, Baba?"

"An ɗauke mini."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Maganar ba sabuwa ba ce. Tun da ciwon nan ya kama shi kullum an ɗauke masa wani abu: an ɗauke takalminsa, an ɗauke rediyonsa, an ɗauke Inna. Ta kama yatsan ta duba ko ƙaya ce, ba ta ga komai ba, ta shafa masa man zafi. Washegari ma haka aka yi, da jibi, da gata. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ya danna, ya ɗago yatsa, ya ce an ɗauke. Ran nan haƙurinta ya ƙare.

"Ba wanda ya ɗauke maka komai! Kai ne ka ɓoye! Shekara nawa ina roƙonka kana cewa bai nuna ba? To ga shi nan, ya nuna har ya ruɓe! Ka ji daɗi?"

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da laifi, kabar ta zame daga cinyarsa. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta tsince kabar, ta ce, "Yi haƙuri, Baba," amma ya riga ya manta abin da ake ba shi haƙuri a kai.

Makonnin da suka biyo baya ba ta san inda kanta yake ba. Tana jiƙa kaba, tana saƙawa, tana warwarewa, yatsunta duk sun tsage. Mutanen layi kuwa, a yaba musu, sun yi ƙoƙari. Tela ya ɗinka 'yan jakunkuna da ƙyallen da ya rage masa, Kawu yana naɗe burodi a takarda, mata na ƙulle kayan miya a gefen mayafi suna mita. Amma an fara ganin baƙar leda tana leƙowa daga ƙarƙashin tebur. Cikin wannan rububin Lahadi huɗu suka wuce ba ta yanke wa Baba farce ba. Abin yankan ma ta manta inda ta ajiye shi.

Wata safiya ta ɗora masa kaba a cinya kamar kullum, ba don tana sa rai ba. Sai aka ƙwanƙwasa shago. Wani ne daga wata unguwa, ya ji za ta daina leda, ya zo ya kwashe abin da ya rage. Ta tsaya tana sauko masa da ɗauri-ɗauri daga kanta, yana ta zaɓe, wannan ta yi sirara, waccan ba hannu. Rabin awa ya cinye mata. Da ta koma baya, Baba yana gyangyaɗi, kansa a jingine da bango. A cinyarsa ga gindin kwando, gamamme, zagaye kamar an auna, saƙar ta kama juna tsam, ko allura ba za ta shiga ba.

Ta zauna a ƙasa. Murna da baƙin ciki suka haɗu mata. Ya yi! Ya yi, ita kuma tana can tana sayar da leda.

Ta tashe shi a hankali. "Baba, sake ɗaya. Ɗaya tak, ina kallo."

Ya buɗe ido, ya dube ta sosai, irin kallon da ya daɗe bai yi mata ba. Ya ce, "Auta, na gaji. Gobe."

Ya kira sunanta. Ta ce, "To Baba, gobe. Allah ya kai mu."

Yinin ranar da rawar jiki ta yi shi. Ta aika wa Kawu ya zo ya gani, ya juya abin a hannu yana girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Irin waɗannan na zuba a wuta." Da la'asar ta ɗora ruwa, ta yi wa Baba wanka mai kyau, ta sa masa riga wankakkiya, don gobe babbar rana ce. Tana shafa masa mai ta ga faratansa sun yi zaƙo-zaƙo. Ta ce, "Kai, dubi yadda na bar ka, sai ka ce ba ka da kowa." Ta birkice ɗaki har ta gano abin yankan a bayan kwalbar magani. Wannan karon bai damƙe yatsan ba, gajiya ta yi masa yawa. Kallonta kawai yake yi har ta gama, ta share gutsattsarin ta zubar.

Da safe ta ɗora masa kaba, ta rufe shago, ta zauna a gabansa. Ya jera huɗu, ya gicciya huɗu. Ya danna. Ya ɗago yatsa.

"An ɗauke," ya ce, muryar can ƙasa.

Daren ranar zazzaɓi ya rufe shi. Bai sake zama a inuwa ba. Kwana tara ya yi, ran na goma da hantsi ya cika, hannunsa cikin nata. Yaya ya iso bayan an kai Baba makwancinsa.

Da aka share makoki, gida ya yi tsit, Auta ta ɗauko gindin kwandon daga ƙarƙashin matashinta. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya yi a duniya, kuma duk garin babu wani nasa da ya rage. Ta ƙirga haƙarƙarin. Sha bakwai. Ta sake ƙirgawa, sha bakwai. To ta yaya sili takwas za su ba da sha bakwai? Ta gwada cusa wani guntu a nata, ya zame ya fita tun kafin ta zagayo. Ta juya na Baba gaba da baya, ta ɗaga shi a rana, saƙar ta rufe tsakiyar ruf, ba a ganin komai. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma sai da ta yi kwana uku tana kewaye ta.

Ran na huɗu da safe ta jiƙa shi a ruwa don kada ya karye, ta shiga ƙuryar shago, ta saki labulen da ba a sake shi ba shekara goma sha tara. Ta zare bakin silin ta fara warwarewa. Kowane zagaye ta cire, ji take kamar wani abu take cirewa daga jikinta. Faifan ya yi ta ƙanƙancewa, ya koma kamar tafin hannu, ya koma kamar murfin kwalba. Da zagayen ƙarshe ya fita sai ga shi a fili.

Sili takwas ne, ba ƙari. Ɗaya daga cikinsu ne aka tsaga biyu, daga tsakiya zuwa baki, ya zama haƙarƙari biyu. Shi ke nan. Abin da aka saki labule a kansa ke nan, abin da Yaya ya sha ranƙwashi dominsa, abin da ta yi ƙuruciyarta tana jira. Ko shayi ba zai huce ba kafin a koya wa mutum.

Ta kai shi kusa da ido. Tsagar ba ta wuƙa ba ce. A inda ta fara akwai ɗan lotsawa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, sawun farce.

Ta ajiye shi a gefe. Sannan ta ɗauki sabon sili ta ɗora babban yatsanta ta danna. Nata farcen a yanke yake har nama, kamar yadda ta saba. Ta danna, kaba ta lotsa ta ƙi tsagewa. Ta sake dannawa. Sai ta ga ta ɗago yatsan tana kallonsa, daidai yadda yake ɗago mata nasa.

"Wayyo Baba," ta ce. "Ashe gaya mini kake yi."

Kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi, ranar ta yi shi. Har gidan burodi ana ji, ba wanda ya iya shigowa.

Da wuƙa ta tsaga na kwandunan farko, kuma sun yi. Mai kayan miya ta loda wa ɗaya albasa har baki ta ɗaga ta girgiza, ko motsi bai yi ba, ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskar Auta ta fasa. Sittin ɗin ba su cika a wata biyu ba, sai da aka shiga na huɗu, amma mutanen layi sun jira. Da damina ta zagayo ruwa ya bi kwatarsa ya wuce. Labulen ƙurya kuwa ta cire shi ta ba Tela. A bakin shago take yin gindi yanzu, kan tsohon bencin Baba, duk mai son gani ya tsaya ya gani, in ya tambaya ta nuna masa tun bai rufe baki ba.

Silin nan takwas ba ta sake saƙa su ba. Suna cikin wani ƙyalle a ƙarƙashin matashinta.

Ran nan Kawu ya zo karɓar kwandunansa, ya tsaya yana kallon hannunta. Ya ce, "'Yata, farcen nan naki bai yi yawa ba kuwa? Ko abin yankan ne ya ɓata, in aiko miki da nawa?"

Ta lanƙwashe yatsan cikin tafin hannunta ta damƙe.

Ta ce, "Bar shi, Kawu."